Muhawara: ta ina bututun mai zai bi a C10 ta 1984 da aka ɗora wa injin lita 5.3?

Nura: Assalamu alaikum iyayen gida. Ga aiki a ƙasa, ina neman shawara. Chevrolet C10 ce ta 1984, mai gajeren bodi, tankinta ɗaya a gefen direba, a wajen shasi. An sauke tsohon injinta mai kafireta, an ɗora 5.3 na Silverado 2002 da giyabos ɗinsa 4L60E. Inji ya zauna, wayarin ya kusa ƙarewa, saura hanyar mai. Tsohon bututun ƙarfe shasin dama yake bi, saboda can famfon tsohon injin yake. Shi kuwa sabon, bakin shigar mansa yana hagu, ta bayan manifol ɗin shaƙar iska. In bar tsohon in tsallako da shi, ko in ja sabo ta hagu? Wane kauri, kuma wane irin tiyo?

Oga Sani: Wa alaikumus salam. Kafin a zo maganar hanya, leƙa sandar nozul, wato bututun da ke raba wa nozul-nozul mai a saman inji, ka gaya mana baki nawa gare ta. Ta 2002 ya kamata a ce biyu ne: na shiga inci 3/8, na komawa inci 5/16, ga kuma regileta mai daidaita matsin mai a jikin sandar da ɗan tiyon iska da ya fito daga manifol. Daga 2004 ne suka koma baki ɗaya. Sannan salansa guda nawa za ka sa, kuma ta ina za ta bi?

Nura: Baki biyu ne Oga, regileta na nan. Salansa biyu ake so, kowace ta bi gefenta har baya.

Oga Sani: To ka ja sabo ta hagu, bututu biyu, na zuwa da na komawa. Tanki yana hagu, bakin inji yana hagu, me zai kai mai dama ya dawo? Duk tsallakawa daga wannan shasi zuwa wancan dole ta bi ta saman salansa ko kusa da farfela, kuma nan ne ake samun matsala. Tsohon bututun ya shekara arba'in yana ɗaukar mai wanda matsinsa bai wuce psi 7 ba (psi ma'aunin matsi ne), galibinsa ma zuƙa ce ba turi ba. Wannan injin psi 58 yake so, wato 4 a ma'aunin bar. Ramin tsatsa da bai taɓa ɗiga ba zai zama feshi.

Baba Ilu: Sani, ban ƙi taka ba, amma kada a yi wa tsohon ƙarfe ƙazafi. Bututun ƙarfe mai lafiya psi 58 ba komai ba ne a wurinsa, ai birki ma ƙarfe ne kuma yana ɗaukar sama da dubu. Abin da ke kashe mutane guntayen tiyon roba ne da ke haɗa ƙarfe da ƙarfe, da bakin bututun da aka yanke sumul aka cusa wa tiyo. In ƙarfen bai yi tsatsa a ƙarƙashin kilif ba, zai yi aiki. Inda na yarda da kai shi ne na komawa. In motar tana da tsohon bututun komawa, siriri ne, inci 1/4, ba zai iya da sabon famfo ba. Tunda dole a ja ɗaya, gara a ja biyun a huta.

Amma Nura, maganar salansa biyu ɗin nan ita ce ta fi damuna. Duba yadda GM, kamfanin da ke ƙera Chevrolet, ta yi a motar da aka ciro injin: bututun salansa na hagu yana tsallakawa ya haɗu da na dama, su tafi baya ta gefen fasinja, aka bar wa mai gefen direba shi kaɗai. Ba don ado suka yi haka ba. In mai motar zai haƙura da salansa ɗaya mai faɗin inci 3, rabin aikinka ya ƙare.

Nura: Ba zai haƙura ba Baba, ƙarar yake so.

Baba Ilu: To sai ka biya da garkuwar zafi. Ka sa mai salansa ya matso da ta hagu wajen tsakiya gwargwadon iko, kuma a gama salansa kafin a ja bututun mai, ba bayansa ba.

Ɗanladi Mai Walda: Ni a ganina duk wannan wahalar bututu biyu ba ta taso ba. Akwai filtar Corvette ta 1999 zuwa 2004, Wix 33737, regileta na cikinta, psi 58 take bayarwa. Ka ɗaure ta kusa da tanki, guntun tiyo ya mayar da rarar mai nan take, bututu ɗaya tak ya tafi gaba. Ka toshe bakin komawa na sandar. Filta da regileta a abu guda, kuɗi kaɗan, mahaɗa kaɗan, wurin yoyo kaɗan.

Injiniya Hadiza: Malam Ɗanladi, wannan dabarar daidai ce ga sanda mai baki ɗaya. A kan tasa akwai abin da za a rasa. Regiletar da ke jikin sandar 2002 tana bin zuƙar manifol ne: in inji yana silo, zuƙa ta yi ƙarfi, sai ta rage matsin mai, in an taka totur, sai ta mayar da shi sama. Manufar ita ce bambancin matsi tsakanin bayan nozul da bakinsa ya tsaya wuri ɗaya koyaushe. Saboda haka a cikin ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, jadawalin yawan man da nozul ke fitarwa lamba ɗaya ce daga farko har ƙarshe. A motocin 2004 zuwa sama da matsinsu ke tsaye a 58, jadawalin yana hawa ne gwargwadon zuƙar manifol.

In aka toshe komawa aka sa filtar Corvette ba a taɓa ƙwaƙwalwa ba, a silo nozul zai riƙa zuba fiye da abin da ƙwaƙwalwa ta lissafa. Sensar iskar salansa za ta gani, ƙwaƙwalwa ta yi ta rage mai don ta gyara. Motar za ta tashi, za ta yi tafiya, amma da safe kafin sensa ta yi zafi mai zai yi yawa, kuma in gyaran ya kai iyaka sai ka ga lambobin matsala P0172 da P0175, masu nuna mai ya yi yawa. Wanda yake son bututu ɗaya, ya nemi sandar 2004 zuwa sama, ya kuma sa a gyara jadawalin. Tunda dai dole a buɗe ƙwaƙwalwar don cire makullin ɓarayi na VATS, ba ƙarin aiki ba ne mai yawa. Amma in ba za a yi ba, a bar regiletar kamfani ta yi aikinta.

Ɗanladi Mai Walda: Ranki ya daɗe, na ji. Amma zafi fa? Man da ya je ya zaga saman inji ya dawo tanki ai da zafinsa yake dawowa. A gari mai zafi, ga cunkoso, tanki rabi, sai man ya yi ta ɗumama har famfo ya fara kuka. Shi ya sa kamfanonin da kansu suka daina mayar da mai.

Injiniya Hadiza: Gaskiya ne yana ɗumama tanki, kuma babban dalilin da ya sa suka daina shi ne dokar rage tururin fetur a Amurka, don mai mai ɗumi ya fi fitar da tururi. Sai dai kowane tsari da nasa. A bututu ɗaya, man da ke cikin sanda yana zaune ne yana shan zafi har a ƙone shi. In matsi ya zube bayan an kashe mota, tashin zafi yana wuya. A bututu biyu, da an kunna makulli sabon mai ya kori tsohon. Matuƙar famfo yana cikin tanki a nutse, kuma ba a sa wanda ya fi ƙarfin injin nesa ba, ɗumin bai kai ya hana tafiya ba.

Ga lissafin. Injin fetur irin wannan yana shan kusan rabin fam na mai a awa ga kowane ƙarfin doki. A ce doki 300: fam 150, wato kilo 68, kusan lita 92 a awa, kuma wannan totur a ƙasa ne. Famfon Walbro mai lita 255 a awa, in ya hau psi 58 yana saukowa wajen 200, ya ninka buƙata. Wanda ya sa mai 340 ko 450 a kan injin da ba a taɓa ba, wuta kawai yake ja yana dafa mai. Wannan lissafin ne kuma ya nuna abin da Baba ya faɗa: a silo inji bai fi shan 'yan litoci a awa ba, sauran duka ta bututun komawa za su bi. In siriri ne, regileta ta buɗe iyakarta amma mai ya rasa hanya, matsi ya haura.

Oga Sani: Mu koma kan hanya, tunda ita aka tambaya. Shasin C10 buɗaɗɗe ne ta ciki, kamar kwata. Cikin wannan kwarin za ka kwantar da bututun biyu, a jikin bangon tsaye, daga tsakiya zuwa sama. Kada komai ya sauko ƙasa da leɓen shasi na ƙasa: dutse, jak, da kan gada duk nan suke bugawa.

Daga tanki za ka fara. Tunda tankin yana wajen shasi, tiyon da ya fito daga kan fulot, wato murfin saman tanki mai ɗauke da ma'aunin mai, sai ya haura saman shasi ya faɗa ciki. Wurin nan matsattse ne, kuma bodi da shasi ba tare suke motsi ba. Ka tabbata yatsa yana shiga tsakanin tiyo da ƙasan bodi, ka tsaga guntun tiyo mai faɗi ka sa masa riga a inda ya ratsa gefen ƙarfe. Da ya shiga ciki sai ya haɗu da bututun ƙarfe, kada robar ta wuce taƙi ɗaya ko biyu.

Filta a jikin shasi, ƙarƙashin kan mota, inda hannu da sifana biyu za su shiga, ba a saitin salansa ba, don ranar canji mai zai zuba. Mai jikin ƙarfe, ta injin nozul, mai idon tacewa maikuron 10. Filtar roba mai gani-har-hanji ta kafireta ce, za ta fashe.

Daga nan gaba har saitin inda giyabos ya haɗu da inji. A nan ƙarfe zai tsaya, da kilif mai ƙarfi a ƙarshensa. Kada ka wuce da shi gaba, can akwai manifol ɗin salansa da sandar sitiyari. Daga shasi tiyo mai lanƙwasa zai tashi ya bi bayan kan silinda na hagu zuwa sanda. GM ma ta jikin giyabos ta hau da nata, da maƙali a kan notin haɗin giyabos da inji. In maƙalin ya zo da injin, yi amfani da shi. Tiyon ya samu sako-sako na kamar santimita 3 zuwa 5, don in aka taka totur injin yana karkata, kuma gefen hagu ne yake ɗagawa. Tiyon da aka ja tam, mahaɗarsa ce za ta ci wuya.

Abubuwan da za ka kauce wa a gefen direba: sandar canjin giya da ke saukowa daga sitiyari, wayar birkin hannu, da kunshin wayoyin fitilun baya. Ka sa wani ya zagaya da giya daga P har ƙasa, ya taka birkin hannu ya saki, kana kwance kana kallo. Wayar birkin hannu in ta miƙe tana matsawa, kuma tana yanka kamar zarto.

Nura: Tazara nawa tsakaninsa da salansa? Akwai inda na auna bai fi santimita 8 ba.

Oga Sani: Ka nemi 15. Inda bai kai ba, garkuwa. Falle na alminiyam ko siririn ƙarfe, a ɗaure shi yadda iska za ta ratsa ta gaba da bayansa, aƙalla santimita 1 tsakaninsa da bututun. Garkuwar da ta manne da bututu ba ta tare komai, miƙa zafin take yi. A kan tiyon da ya hau bayan inji kuma ka sa rigar zafi mai ruwan azurfa. Ƙasa da santimita 5 kuwa ba maganar garkuwa ba ce, a matsar da salansa. In akwai katalis, wato tukunyar tace hayaƙi, a wannan gefen, ka ƙara tazara, ya fi sauran bututun zafi nesa ba kusa ba, musamman bayan an tsaya iska ta daina kaɗawa.

Baba Ilu: Kilif duk santimita 30 zuwa 45, irin mai roba a ciki, da ɗaya kusa da kowace kwana da kowace mahaɗa. Shasin nan cike yake da ramukan kamfani, fara da su. In dole sai an huda, a bangon tsaye, ƙaramin rami na noti 6. Leɓen sama da na ƙasa su ke ɗauke da nauyi, ba a huda su. Kuma kada a ɗaure mai da bututun birki ko da wayar batir da igiyar roba. Igiyar tana bushewa ta karye, kafin ta karye kuma bututun biyu suna gugar juna. Kowa da kilif ɗinsa, ko kilif mai ido biyu wanda ya raba su.

Musbahu: Tambaya daga ɗalibi. Bututun jan ƙarfe na masu gyaran firij da AC fa? Akwai 3/8, ga sauƙin lanƙwasa, ba ya tsatsa.

Injiniya Hadiza: A'a Musbahu. Jan ƙarfe zalla yana taurara in ana girgiza shi, daga nan ya tsage, galibi a gindin mahaɗa ko a bakin kilif, ba tare da gargaɗi ba. Alminiyam ma halinsu ɗaya, ga shi gishiri da laka suna cinsa a ƙarƙashin kilif. Abin da ya yi kama da shi kuma ya halatta shi ne gaurayen jan ƙarfe da nikel, kashi 90 da kashi 10, wanda ake yin bututun birki da shi. Yana lanƙwasuwa da sauƙi, ba ya tsatsa, yana jure girgiza. In babu, bututun ƙarfe mai rufi. A lanƙwasa da abin lanƙwasa bututu, ba a gwiwa ba. Kwanar da ta ƙulle ta rage faɗi, famfo zai yi ta fama.

Tiyo kuma a karanta rubutun jikinsa. SAE J30R7 na kafireta ne, iyakarsa psi 50, bai shiga nan ba. J30R9 shi ne na injin nozul. J30R10 shi kaɗai ake nutsarwa cikin tanki, tsakanin famfo da bututun fulot. R9 cikinsa ne yake jure fetur, bayansa ba ya jurewa. In aka nutsar da shi sai ya kumbura ya yi laushi ya tsage, mai ya riƙa zubewa cikin tanki ba a gani. Alamarsa famfo yana kuka lafiya lau amma geji ba ya hawa. Tiyon da babu rubutu a jikinsa, a bar wa mai shago kayansa.

Ɗanladi Mai Walda: Ni na fi son tiyo mai saƙar ƙarfe tun daga tanki har inji, AN6, wato mai kaurin inci 3/8. Babu lanƙwasa, babu buɗa bakin bututu kamar ƙaho, rana ɗaya an gama.

Oga Sani: Ya danganta da abin da ke cikin saƙar. In roba ce, bayan 'yan shekaru za ka ji gareji yana warin fetur alhali babu ɗigo ko ɗaya, ta jikin robar tururin yake fita, kuma fetur mai gaurayen etanol yana saurin tsofar da ita. Saƙar ta ɓoye tsagewar, ba ka gani sai ta jiƙe. In za a yi haka a sa mai bututun PTFE (tefulon) a ciki, baƙi, wanda aka sa wa kabon don ya sauke lantarkin da gudun mai yake tarawa. Mai farin bututu a ciki ba na dogon layin fetur ba ne. Kuma kawunan PTFE daban suke, akwai ɗan zobe da ake cusawa tsakanin saƙa da bututun, ba sa shiga da na roba. Sai a tuna saƙar ƙarfe tana cin duk abin da ta taɓa, fenti, waya, har bututun birki. Mai rigar roba a waje ya fi. Duk da haka a doguwar hanya ƙarfe ya fi arha, ya fi kwanciya, ya fi jure dutse. Dokar NHRA, hukumar tseren motoci ta Amurka, ma ba ta yarda tiyon roba zalla ya wuce inci 12 a duk motar ba, don haɗi kawai.

Baba Ilu: Wajen mahaɗa ake yawan kwaɓa aiki. Bakin ƙahon AN digiri 37 ne, na bututun birki da tsohon bututun mai digiri 45. Abin buɗe bakin daban ne. In ka haɗa su za su ɗaure, su yi kamar sun zauna, daga baya su fara gumi. Kada a naɗa farin tef a zaren AN, a bakin ƙahon yake toshewa ba a zare ba. Zaren NPT, irin na bututun ruwa mai tsukewa, kaɗai ke son abin toshewa, shi ma mai ruwa wanda fetur ba ya narkarwa, don guntun tef in ya shiga layi a nozul yake tsayawa. In tiyo za a cusa kan ƙarfe, a yi wa bakin ƙarfen tudu, a ɗaure da kilam na injin nozul mai santsin ciki. Kilam mai ramuka na tiyon ruwa yana cizon roba.

A bakin sanda kuma, akwai kawunan da ke mayar da 3/8 da 5/16 na GM zuwa AN6. Nemi mai noti da ke ɗaurewa ta bayan tudun bututun. Mai kilif ɗin roba in bai shiga ya yi ƙas ba yana iya fita, kuma a saman inji mai zafi zai fita. Kowane iri ka sa, ja shi da ƙarfi da hannu kafin ka tada mota.

Nura: Tankin fa? Tsohon ne a jiki, lita 60 da 'yan kai. Ana cewa a sa famfo a waje a huta da sauke shi.

Oga Sani: Tankin kafireta babu kwanon da ke tare mai a bakin famfo a cikinsa. Kafireta tana da ɗan man ajiya a cikinta, ko famfo ya zuƙi iska na daƙiƙa biyu ba ta ji. Nozul ba shi da ajiya: mai ya yi ƙasa da kwata, ka sha kwana ko ka taka birki, man ya gudu gefe, inji ya yi shaƙuwa. Maganin yana cikin gidan: a 1987 wannan bodin ya fito da injin TBI, mai nozul a mazaunin kafireta, tankinsa yana da kwano a ciki, fulot ɗinsa yana da mariƙin famfo da bakin komawa, kuma yana zama a mazaunin naka. Sai dai famfon TBI psi 9 zuwa 13 yake aiki, a cire shi a sa mai ƙarfi. Gejin mai ba zai ba ka matsala ba, duka om 0 zuwa 90 ne. Ka duba bututun komawa ya sauka har kusa da gindin tanki. In daga sama yake zubowa, kumfa zai yi ta tayarwa famfo yana sha.

Famfon waje yana aiki, amma ya iya turi bai iya zuƙa ba. Dole ya zauna ƙasa da gindin tanki ko daidai da shi, cikin santimita 60, da filta mai faɗin ido, maikuron 100, a gabansa. In ka sa mai maikuron 10 a wajen zuƙa, matsi ya faɗi, fetur mai ɗumi ya tafasa a bakin famfo, sai kuka da mutuwa a cunkoso. A wannan motar gindin tankin ya riga ya yi ƙasa, samun wurin da ya fi shi ƙasa kuma dutse ba zai samu ba yana da wuya. Sauke tankin.

Ɗanladi Mai Walda: Kuma kada wani ya ce zai yanka tsohon tanki ya yi masa kwano da walda don an zubar da man. Tururin ne ke fashewa, kuma tanki marar mai ya fi cikakke haɗari.

Malam Habu Rewaya: Ku ba ni wuri in sa baki, don rabin abin da ake ɗora wa bututu laifin waya ne. Famfon nan yana jan amfiya 10 ko sama da haka a wannan matsin. Rile, fis 20 kusa da batir, waya lamba 12, in ta yi tsawo lamba 10. Ƙwaƙwalwar injin ce za ta kunna rile, ta wayar nan kore mai ratsin fari, kuma wuta take bayarwa ba as (negetif) ba, saboda haka ɗaya ƙafar rilen ce za ta tafi bodi. Tana kunna famfo daƙiƙa 2 in an murɗa makulli, sannan ta jira ta ga inji yana juyawa. Wannan kariya ce: in aka yi hatsari inji ya mutu, famfo ya tsaya. Wanda ya haɗa famfo kai tsaye da makulli ya cire wannan kariyar, bututu ya fashe famfo ya ci gaba da feshi. As ɗin famfo a jikin shasi, a kankare fenti, kuma a tabbata akwai waya mai kauri daga shasi zuwa inji da batir. A auna a bakin tanki famfo yana aiki. In ya gaza na batir da fiye da rabin bolt, a sake waya. Wayar ta bi nata kilif ɗin, ba a jikin bututun mai ba.

Injiniya Hadiza: Ba a yi maganar numfashin tanki ba. Baki na uku a kan fulot nasa ne. Ko a mayar da shi gwangwanin gawayi na motar, ko a ja shi sama da bakin zuba mai a sa masa bawul mai rufewa in mota ta kife. In aka toshe shi kuma murfin tanki ba ya shaƙar iska, bayan tafiyar rabin awa matsi zai fara sauka, a buɗe murfi a ji ya ja iska.

Musbahu: Duk wannan ya shafi irin namu, a ce tsohuwar Hilux ko 504 a-kori-kura da aka sa wa injin nozul?

Oga Sani: Tsarin ɗaya ne, lambobin ne suka bambanta. Kowane inji a nemi matsinsa a littafinsa, da yawa na Toyota wajen bar 3 suke. Abin da za ka ƙara shi ne kula da datti: man jarka na 'yan bumburutu da ƙurar hanya suna cika filta da wuri, saboda haka a sa ta inda za a canza ba sai an sauke komai ba. A hanyar burji kuma bututun ya ƙara hawa sama cikin shasi.

Nura: Na gode iyayen gida. Abin da na ɗauka: tankin 1987, famfo 255 a ciki, 3/8 zuwa, 5/16 komawa, duka ta hagu, regiletar kamfani. Yaya zan gwada kafin a tada?

Oga Sani: Kafin ka sayi bututu, lanƙwasa waya mai tauri ta bi hanyar, ita ce ma'auninka kuma ita za ka kwaikwaya. Ana sayar da shi naɗi na ƙafa 25, mita 7.6, kowane kauri naɗi ɗaya ya isa har da na kuskure. Bayan yanka, kankare bakin, hura iska ta ciki.

Kada ka haɗa da sanda tukuna. Sa bakin tiyon zuwa a cikin jarka, ka ba famfo wuta ya zubar da kamar lita ɗaya, ɓarɓashin yanka ya fita. A fili, ba sigari, ba janareta kusa, abin kashe gobara mai hoda a gefe. Sannan ka haɗa, ka ɗaura geji a bawul ɗin gwaji na jikin sanda, ka murɗa makulli sau uku ko huɗu ba tare da tadawa ba. Ya kamata ka ga 55 zuwa 62. Bi kowace mahaɗa da farar takarda, ido ba ya ganin gumi. Bar shi minti ɗaya, kada ya sauka fiye da psi 5. In ya zube kuma waje a bushe yake, ko tiyon cikin tanki ne, ko bawul ɗin famfo, ko regileta, ko nozul mai ɗiga.

In ya tashi, a silo geji zai sauka da psi 3 zuwa 10. Zare tiyon iska na regileta, ya koma sama. In ka ga fetur a cikin tiyon, regiletar ta fashe. In kuwa a silo ya haura 62, bututun komawa ya ƙulle a wata kwana ko an haɗa shi da bakin numfashi.

Injiniya Hadiza: Ƙari ɗaya: duba harafi na takwas a lambar shasi (VIN) ta motar da aka ciro injin. T shi ne wanda Oga ya ba da lambobinsa. In Z ne, mai shan etanol, nozul da regiletarsa daban ne, sai a nemi nasa ma'aunin. Bayan tafiyar farko kuma, mota da zafinta, a sake shiga ƙarƙashi a taɓa bututun a saitin salansa. In hannu bai iya daɗewa a kai ba, garkuwar ba ta isa ba. A sake ɗaure kilam ɗin tiyo bayan mako guda, roba tana kwantawa.